Hukuncin sayen hannun jari a kamfanonin makamashin nukiliya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokan harkata muna jayayya kan sayen hannun jarin kamfanonin da ke haƙar yuraniyom ko samar da lantarki da nukiliya. Wasu sun ce haramun ne, tunda da shi ake ƙera bam, ga kuma hatsarin da ya faru a tashar nukiliya ta Cernobil a ƙasar Yukren. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Asalin ciniki halas ne har sai dalilin hani ya zo. Ba a haramta wa maƙeri sayar da wuƙa don wani zai iya kisa da ita, sai in ya san mai sayen ɓarna ya nufa. Yuraniyom ɗin lantarki ana tace shi ne zuwa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, na bam kuwa yana kaiwa wajen kashi 90. Tashar Baraka da ke Hadaddiyar Daular Larabawa wuta take bai wa jama'a, kusan rubu'in abin da ƙasar ke sha.

Hatsarin gaskiya ne, kada a raina shi. Na Cernobil a 1986 ya samo asali daga aibin ƙirar tukunyar da ake sarrafa makamashin a cikinta da sakacin ma'aikata yayin wani gwaji. Na Fukushima a Japan a 2011, igiyar teku ce ta kashe injinan da ke sanyaya tukwanen. Bayansa Jamus ta yanke shawarar barin nukiliya, ta rufe tashoshinta uku na ƙarshe a 2023, Faransa kuwa ta ci gaba. Auna maslaha da ɓarna a nan aikin hukuma ne da masana. Amma hadisin "babu cuta, babu cutarwa" ya hau kanka: in ya tabbata gare ka kamfani yana ɓoye lahani, ko yana barin sharar ma'adini kusa da mutane, irin kukan da mutanen Arlit, garin haƙar yuraniyom a Nijar, suka daɗe suna yi, to janye kuɗinka.

Abin da na fi jiye maka tsoro riba ce, wato kuɗin ruwa, domin tashar nukiliya da bashi mai yawa ake gina ta. Ma'aunin hukumar AAOIFI, mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, shi ne bashin ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga na haram kada ya wuce kashi 5 na dukkan kuɗin shigarsa, kuma a fitar da shi sadaka. Wasu malaman ma ba su yarda da wannan rangwamen ba.

Sannan kada ka kambama hannun jarin da ka riƙe don farashi ya tashi ka sayar. Wannan ɗan'uwan najashi ne, wato ƙara wa kaya farashi ba da niyyar saye ba don a ruɗi mai saye, wanda Annabi (SAW) ya hana. Wallahu a'alam.