Me ya sa ake manna sitikar farashi a kusurwa ɗaya ta kwali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina lura da wani abu a manyan kantuna: kusan duk kayan da na ɗauka, 'yar takardar farashin tana manne a kusurwa guda, galibi can sama ta hannun dama. Shin doka ce ta tilasta haka, ko kuwa dabara ce ta jan hankalin mai saye? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kin lura daidai. Amma abin ya fi kusa da hannun ma'aikacin kanti fiye da doka ko dabarar talla.

Bari mu fara da dokar, don ita ce mai sauƙi. Abin da dokokin farashi suka fi damuwa da shi shi ne mai saye ya ga farashi ƙarara kafin ya biya. Ƙa'idar da Tarayyar Turai ta fitar a 1998, alal misali, cewa ta yi farashi ya kasance babu ruɗu a cikinsa, mai sauƙin ganewa, mai karantuwa. Ba ta zaɓa wa kowa kusurwa ba. Mai kanti yana iya manna takardarsa a tsakiya, ko a gefe, ko ma ya rubuta farashin a bakin kanta ya bar kayan haka nan.

To daga ina al'adar ta samo asali? Rubuta farashi a jikin kaya ba tsohon abu ba ne sosai. A ƙarni na 19 ne manyan kantuna irin su Le Bon Marché na birnin Faris da kantin John Wanamaker na Filadelfiya ta Amurka suka yi suna da farashi tsayayye, wanda ba a tayawa. Sai a 1916 Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a Memfis ta Amurka, inda mai saye yake shiga ya ɗebi abin da yake so da hannunsa. Daga ranar da aka cire mai jiran kanti daga tsakanin mai saye da kaya, dole kowane ƙunshi ya faɗi farashinsa da kansa. Ke nan wani ne zai bi kaya ɗaya bayan ɗaya yana sa musu alama, wani kuma a bakin ƙofa zai karanta alamar ya buga ta a injin karɓar kuɗi. Waɗannan mutum biyu su ne suka zaɓi kusurwar, ba mai talla ba.

Ki ɗauki na farkon. An sauke masa manyan kwalaye, kowanne cike da ƙananan kwalaye a jere, duk sun fuskanci waje ɗaya. Ya yanke saman babban kwalin, ya ɗauki na'urar manna farashi, wadda ake riƙewa kamar ƙaramar bindiga. Idan ya matse maƙallinta sai ta buga lamba a kan sitika ta turo ta waje, shi kuma ya goga bakinta a jikin kaya ya ja. Sitikar 'yar ƙarama ce, wadda aka fi sani faɗinta milimita 21 ne ko 26, tsawonta 12. Mutum ne da zai yi wannan motsi sau ɗaruruwa kafin ya huta, don haka ba zai tsaya yana neman wuri a kowane kwali ba. Kusan mutum tara cikin goma da hannun dama suke aiki. Hagu tana riƙe da kayan ko tana karkato shi, dama tana saukowa da na'ura, inda kuma ta fi saurin sauka shi ne saman kwali ta ɓangarenta. Da zarar hannu ya saba, shi ke nan, ko ido a rufe can zai je. Sabon ma'aikaci ma abin da za a nuna masa ke nan ranar farko.

Akwai kuma dalilin da yake jikin kwalin kansa, wanda nake ganin ba a cika ba shi haƙƙinsa ba. Tsakiyar kwali ita ce wuri mafi rauni. Ki danna ta da yatsa ki gani, za ta lotsa, musamman idan abin da ke ciki bai cika shi ba. Kusurwa kuwa nan ne bango uku suka haɗu, nan ne ƙarfin yake. Gam ɗin sitika yana buƙatar a danna shi kafin ya kama, sai an samu abu mai tauri a ƙarƙashi. A tsakiya sitikar tana iya kamawa rabi, ta naɗe, ta faɗi a hanya. A kusa da kusurwa dannawa ɗaya ta isa. Gwangwani ma ya nuna wannan tunani ta wata hanya: shekaru da yawa a kan murfinsa ake buga farashi da tambarin tawada, saboda murfin ne yake kallon ma'aikaci idan an buɗe babban kwali, ga shi kuma a shimfiɗe, ga tauri.

Sai mai zana kwalin. Fuskar ƙunshi fili ne mai tsada, kowane taƙi da mai shi. Tsakiya ta sunan kaya ce da hotonsa. Ƙasa galibi ta nauyi ce ko yawan abin da ke ciki. A Amurka ma ƙa'ida ce wannan bayani ya zauna a cikin kashi 30 cikin 100 na ƙasan fuskar ƙunshin. Sama ta hagu sau da yawa tambarin kamfani ne yake zaune, tunda mai karanta boko daga nan idonsa yake tashi. Idan kin cire waɗannan, abin da ya saura babu kowa shi ne sama ta dama. Masu zane da suka san aikinsu da gangan suke barin wurin fayau, saboda sun san idan ba su bar wa kanti wuri ba, kanti zai samar wa kansa, wataƙila a kan sunan da suka kwana suna ƙawatawa. A kayan da aka tsara da rubutun Larabci, wanda ke farawa daga dama, filin da ya saura yana iya komawa ɗaya ɓangaren.

Yanzu mutum na biyu, mai karɓar kuɗi. Kafin zuwan na'urar karanta kaya, kowane farashi da ido ake nemansa, da yatsa ake buga shi. Idan sitika tana yawo, yau a gaba, gobe a ƙasa, to sai an jujjuya kowane kaya, layi kuma yana ƙara tsawo. Abin da ya dame shi ba wace kusurwa ba ce, a'a, ta zama guda ɗaya kullum. Nan ne ma asirin al'adar yake. Da tun farko an saba da hagu, da hagun ce za ta yi aikin.

Inda za ki samu rubutacciyar ƙa'ida shi ne wajen lambar nan mai layi-layi baƙi da fari, wato bakod, kuma ina jin ita ce take sa mutane zaton sitikar farashi ma tana da doka. An fara karanta irin wannan lamba a kanti ranar 26 ga Yuni, 1974, a garin Troy na jihar Ohayo ta Amurka, a jikin ƙunshin cingam na Wrigley's. Ƙungiyar GS1 mai kula da tsarin a duniya ta ba da shawarar a sa lambar a bayan ƙunshi, a ƙasa ta ɓangaren dama, kada ta matsa bakin kwali fiye da milimita 8, kada kuma ta yi nisa da shi fiye da milimita 100. Dole a bar mata fili fari a hagu da dama, in ba haka ba na'ura ba za ta gane inda ta fara da inda ta ƙare ba. Wannan ya ƙara ture sitikar farashi zuwa gaba, zuwa sama, nesa da lambar. Sai dai idan kanti ya karya farashi ya buga tasa lambar: a nan dole sabuwar ta rufe tsohuwar ruf, don kada na'ura ta karanta tsohon farashi.

Batun jan hankali fa? Ba zan ce babu shi ba. Manyan alamun rangwame masu launin ja ko rawaya da gangan ake sa su a kusurwa, don ido ya kama su ba tare da sun rufe sunan kaya ba. Amma 'yar farar sitika ta yau da kullum, ban yarda cewa wani ya zauna ya ƙirƙiro mata wuri don ya yaudari ƙwaƙwalwar mai saye ba. Amfanin da take yi miki ya fi wannan sauƙi: kin san inda za ki duba, kina iya ɗaukar kaya biyu ki gwada farashinsu a kallo ɗaya. Kanti ma yana cin moriya. Idan farashi ya canza, sabuwa a kan tsohuwa za ta hau, ba a bar farashi biyu a jikin kaya ɗaya ana jayayya a wajen biya ba. Idan kuma wani ya ɓare sitikar abu mai araha ya manna a mai tsada, ma'aikacin da ya san inda tasu take zama zai yi saurin ganewa. Don haka ne ma ake yi wa sitikar 'yan tsage-tsage, ki lura, idan kin zo ɓare ta gutsuttsurewa take yi.

Abin da yake damuna a wannan harka shi ne ranar da saurin hannu ya rinjayi kula. Ba kowane kwali ne yake da filin banza a sama ta dama ba. Wasu kamfanoni a nan suke buga ranar ƙarewar wa'adi, ko lambar rukunin da aka sarrafa kayan, ko gargaɗi. Ma'aikacin da hannunsa ya saba sai ya manna a kai bai duba ba. A kayan wasa ko sabulu wataƙila abin bai kai ya kawo ba, amma a magani, ko abincin jarirai, ko kayan da ke ɗauke da gargaɗi ga masu rashin jituwa da wani sinadari, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Idan kin ɗauki kaya kin nemi ranar ƙarewarsa kin rasa, ki duba ƙarƙashin sitikar, ko ki nemi a ɗaga miki ita kafin ki biya. Haƙƙinki ne, kuma kantin kirki ba zai ƙi ba. Masu kanti kuwa, abin da ya kamata su koya wa yaransu shi ne: a duba kwali na farko a kowane sabon kaya, a zaɓi wurin, sannan a saki hannu a kan sauran.

Sitikar ma tana ja da baya. Da bakod ta kankama, manyan kantuna da yawa sun koma rubuta farashi a bakin kanta kawai, wasu ma yanzu da 'yan alluna masu aiki da batir waɗanda ake canza musu lamba daga kwamfuta. Jihar Mishigan ta Amurka, wadda ta daɗe tana tilasta a sa farashi a jikin kusan kowane kaya, ta sassauta dokar a 2011. Inda za ki ci gaba da ganin sitikar shi ne ƙananan kantuna, da shagunan littattafai da na magani, da kayan da aka karya wa farashi, wato duk inda har yanzu mutum ne yake bin kaya da na'ura a hannunsa na dama.