Cikin Fari: Shin Koyon Shayarwa a Waya Ya Wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti Nas. Cikin fari gare ni, wata bakwai, ina zaune a Kubwa, Abuja. Kullum ina kallon bidiyon shayarwa a YouTube da TikTok, amma maimakon hankalina ya kwanta, tsoro nake ƙara ji, don kowa da abin da yake faɗa. Nonona ƙanana ne, ina gudun kada ruwan ya kasa. Ga Hajiya, mahaifiyar maigidana, da za ta zo mini wankan jego, ta riga ta ce a zafin Abuja dole a ba jariri ruwa. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya raba lafiya. Neman sani tun kafin haihuwa ba laifi ba ne, kuma a ɗakin haihuwa mukan gane wadda ta yi shi, don ba ta ruɗewa da wuri. Matsalarki yawan malamai ne. Ki zaɓi wuri ɗaya ko biyu, kamar shafukan Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, abin da ya shige miki duhu kuma ki rubuta ki kai wa ma'aikaciyar jinya ranar awo. Duk bidiyon da ya ƙare da tallar madarar gwangwani ko wani shayin "kawo ruwan nono", ki wuce shi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto kan yadda kamfanonin madara ke bin masu ciki ta kafofin sada zumunta, kuma tun 1981 akwai ƙa'idar duniya da ta hana tallata irin wannan madara ga jama'a. A nan Najeriya NAFDAC ce ke sa ido a kai.

Girman nono kitse ne, ba shi ke nuna yawan ruwa ba. Tsotso ne ke kawo ruwa: iya yadda jariri ya sha, iya yadda jiki zai ƙara samarwa.

Inda nake so ki tsaya sosai shi ne kwana ukun farko, don a nan yawancin masu haihuwar fari ke karaya. Ki roƙi ungozoma ta ɗora miki shi a ƙirji ba tufa a tsakani, ya kama nono cikin sa'ar farko. Abin da zai fito dakashi ne, kauri gare shi, rawaya-rawaya, kuma ɗan kaɗan. Za ki matsa ki ga ɗigo biyu uku, zuciya ta ce miki babu komai. Akwai. Cikin jariri a ranar farko bai ɗaukar abin da ya wuce cokalin shayi ɗaya ko ɗan fiye a kowane sha, kuma dakashin nan cike yake da garkuwar jiki, ba abin zubarwa ba ne. Ruwan sosai yakan sauko tsakanin kwana na uku da na biyar. A dare na biyu jarirai da yawa sukan yi ta kuka suna neman nono ba hutawa, a lokacin ne za a ce miki "yunwa yake ji, a haɗa masa madara." Ki ci gaba da ba shi, wannan nacin ne ke janyo ruwan.

Ba sai kin yi hasashe ba, akwai abin da idonki zai gani. Ya buɗe baki sosai, haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nonon ba kan kaɗai ba, ki kuma ji yana haɗiya. Yana sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Baƙin kashin farko ya koma rawaya wajen kwana na huɗu ko biyar, daga nan ya riƙa jiƙa kunzugu akalla sau 6 a rana. Raguwar nauyi kaɗan a makon farko ba abin tashin hankali ba ce, yakan maido shi cikin mako biyu.

Sai batun Hajiya, wanda a ganina ya fi duk bidiyon nan muhimmanci, domin ƙarfe biyun dare ita ce a gefenki, ba waya ba. Kada ki yi mata gardama da "a intanet na gani", ba za ta ji daɗi ba, kuma da gaskiyarta, ta raini 'ya'ya. Ki sa maigida ya fara yi mata maganar, in ta iso da wuri ku je awo tare ta ji daga bakin ma'aikaciya. Hujjar mai sauƙi ce: sama da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, ko a watan Maris da Abuja ke tafasa ya ishe shi. Ruwan da za a ɗura masa yana cika ɗan cikin, ya rage tsotso, ga haɗarin gudawa. Shi ya sa ake cewa nono zalla wata 6, sannan a haɗa da abinci har shekara 2, adadin da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jariran da ba su kai wata shida ba ke samun nono zalla, kuma ruwan nan da ake bayarwa da kyakkyawar niyya yana cikin manyan dalilai. Kunu kam ki sha, ki ci ki ƙoshi, amma a sassauta kanwa, yawanta ba ya yi wa zuciyar mai jego daɗi.

Abin da waya ba za ta iya ba shi ne ta kalli yadda ɗanki ke kamawa. In kan nono ya tsage, ko nonon ya yi tauri da ja har da zazzaɓi, ko jariri ya ƙi sha, yana yawan barci ba ƙarfi, fitsarinsa ya yi ƙaranci, ko idonsa ya yi rawaya alamar shawara, kada ki tsaya tambayar 'yan WhatsApp. Ki kai shi asibiti a ranar, ki kuma shayar da shi a gaban ma'aikaciya ta gani.