Na'urar auna zafin jiki a wurin aiki: za ta iya tsare ma'aikaci daga bugun rana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin gini a Jidda. Kamfaninmu ya raba mana wata na'ura da ake ɗaurawa a dantse, wai tana gane lokacin da zafi ya yi wa mutum yawa. Tun da aka kawo ta, mai kula da mu ya ce ko da azahar za mu ci gaba da aiki matuƙar ba ta yi ƙara ba. Na'urar abin dogaro ce? Kuma maganarsa haka take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ta biyun ce ta fi damuna, da ita zan fara. Maganarsa ba haka take ba. Ma'aikatar ƙwadago ta Saudiyya ta hana kamfanoni masu zaman kansu sa mutane aiki a ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 na rana zuwa 3 na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, kowace shekara. An keɓe ma'aikatan mai da iskar gas da masu gyaran gaggawa, su ma da sharaɗin a ba su kariya. Babu inda dokar ta ce in an ɗaura wa mutum na'ura an ɗage masa hanin. Ana kai ƙorafi ta lambar ma'aikatar, 19911.

Ita kuwa na'urar, tana da amfani, amma ka san me take yi. Irin su Kenzen da SlateSafety na Amurka, da CORE ta Suwizalan, ba sa shiga cikin jikinka su auna. Abin da ke fata suke karantawa, wato ɗumin fatar da bugun zuciya da motsi, sai manhaja ta haɗa lissafi ta ƙiyasta zafin cikin jiki. Lafiyayyen mutum yana kusa da digiri 37. Masana lafiyar ma'aikata ba sa son ya wuce 38 a bakin aiki, in kuwa ya haura 40 hankali ya fara gushewa, rai ake nema a ceto. Akwai kuma ma'aunin bugun zuciya: cire shekarunka daga 180. Mai shekara 40 da bugunsa ya tsaya sama da 140 na tsawon mintoci ya kamata ya ajiye aiki.

Tunda ƙiyasi ne, yana iya kuskurewa. Ɗauri ya yi sako-sako, ko girgizar injin fasa kankare ta rikita karatun, ko baturi ya mutu ba a lura ba. A Jidda kuma ga damshin teku, gumi yana zuba amma ba ya bushewa, jiki ba ya samun sanyaya. Saboda haka in ka ji jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko jijiyoyi na ɗaurewa, nemi inuwa ko da na'urar ta yi shiru. Inda na fi yaba mata shi ne tana bambance mutum da mutum. Rana ɗaya ce ke dukan kowa, amma mai ciwon suga ko hawan jini, da mai azumi, da wanda bai daɗe da sauka ba, ba za su jure daidai da saura ba. Sabon zuwa yana buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin jikinsa ya saba, a fara masa da aiki kaɗan ana ƙarawa. Ruwa kuma kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, kada a jira ƙishirwa.

Tambaya: Ni mai kai saƙo ne a Makka. Wayata tana nuna digiri 42, amma a kan kwalta ji nake ya fi haka. Waya tana auna zafin wurin da nake?

Amsa: A'a. Lambar daga tashar hasashen yanayi ta zo ta intanet, su kuma a inuwa suke aunawa. Na'urar jin zafi da ke cikin wayar, baturi da kayan cikinta take gadi. Abin da ya dace da wurin aiki shi ne ma'aunin WBGT, wanda ke haɗa zafin iska, damshi, iska mai kaɗawa da dukan rana. Katar ta sa shi a dokarta a 2021: in ya wuce 32.1, a tsayar da aikin waje ko da wane lokaci ne. Zafin Makka ba abin wasa ba ne. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8, hukumomi suka sanar da rasuwar mutum 1,301, Allah ya jiƙansu. Ka kuma kula da wayar kanta: Apple ya ce iPhone an yi ta ne don aiki tsakanin digiri 0 da 35, shi ya sa take dusashewa ko ta daina caji in ka bar ta a rana. In ka ga abokin aiki ya rikice ko ya faɗi, kira 997, ka kai shi inuwa, ka jiƙa shi da ruwan sanyi ana fifita har motar asibiti ta iso.

Tambaya: Maigidana yana aiki a Yanbu, yana tsoron kada bayanan na'urar su sa a ce ba shi da lafiya a ƙi sabunta masa kwantiragi.

Amsa: Hajiya, tsoronsa yana da tushe, domin yawancin na'urorin suna aika gargaɗi zuwa allon mai kula da ma'aikata. Dokar kare bayanan mutum ta Saudiyya, wadda ta fara aiki a Satumban 2023 ƙarƙashin SDAIA, hukumar kula da bayanai ta ƙasar, ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, kuma ta ba mutum haƙƙin sanin dalilin tattara bayanansa da ganin abin da aka ajiye. Kada tsoro ya sa ya cire na'urar a ɓoye. Ya je wurin jami'in kula da lafiyar ma'aikata ya tambaya a rubuce: wa ke ganin bayanan, tsawon wane lokaci ake ajiye su, kuma gargaɗi kawai ake aikawa ko har da lambobin bugun zuciyarsa. Ya riƙe kwafin amsar tare da takardun aikinsa.