Asham, Tahajjudi da Maganar Nutsuwa: Amsoshin Tambayoyinku

Tunda aka ga watan azumi, tambayoyinku suka koma kan sallar dare. Na tsinci waɗanda suka shafi harshe. Masu tambayar hukunci su nufi malaman fiƙihu, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, kalmar asham Larabci ce? Wani ya ce mini daga isha'i aka samo ta.

Amsa: Wanda ya faɗa maka ya bi kunne ne kawai. Ya ji "sha" a nan, ya ji "sha" a can, ga shi kuma bayan isha'i ake yin ta, sai ya ɗaura musu aure. Da haka ake gano asalin kalma da tuni kowa ya zama masani. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne asham ta shigo mana ta bakin Barebari, domin a Barbarci asham na nufin azumi, su kuma sun aro ta daga Larabci, assiyam. Ita ma kalmar azumi can gidan ta fito, daga assaum, sai dai masana na ganin ta biyo ta bakin Abzinawa kafin ta iso. Ka ga ke nan asham da azumi 'yan gida ɗaya ne da suka rabu a hanya, suka sake haɗuwa a bakin Bahaushe, ya ba ɗaya rana, ya ba ɗaya dare. Wanda ya ce sallar asham, sallar azumi ya ce.

Yanzu na lura yara suna jin nauyin kalmar, sai tarawihi, wai ta fi kama da ta masu ilimi. Ban hana ba. Amma da za su san abin da suke faɗa! Tarawihi jam'in tarwiha ne, wato ɗan hutu, tushensu ɗaya da raha ɗin nan da muke yi da abokai. An sa mata wannan suna ne saboda mutanen farko kan tsawaita tsayuwa har sai sun zauna sun huta bayan kowace raka'a 4. Annabi (SAW) ya yi ta da jama'a a masallaci 'yan darare, ya daina fitowa don gudun kada a farlanta ta, sai zamanin Sayyidina Umar ya tara mutane bayan Ubayyu ɗan Ka'abu. To yau fa? Na taɓa bin wani limami da na yi ruku'u ban gama tasbihi na biyu ba na ji kabbarar sujada. Dattijon da ke gefena yana dafa gwiwa zai miƙe, sahu ya riga ya sake duƙawa. Aka sallame kowa na haki. Sallar da sunanta hutu ke nan.

Tambaya: Malam, shafa'i da wutiri, Imamu Shafi'i ne ya kawo ta?

Amsa: A'a, 'yata. Shafa'i cika ne, wutiri mara, kamar a wasan cika ko mara. Limamin bai san an jingina masa ba.

Tambaya: Nutsuwa ake cewa ko natsuwa? Kuma ita ce kushu'i?

Amsa: Nutsuwa, natsuwa, nitsuwa, duk Hausa ne, bambancin karin harshe ne, kada wanda ya gyara wa wani. Ni nakan rubuta nutsuwa don tana tuna mini da nutsewa. Ɗebo ruwa mai gurɓi ka zuba a kwano ka ajiye. Kada ka taɓa. Jim kaɗan za ka ga lakar ta kwanta a ƙasa, ruwan ya yi garau har kana hango gindin kwanon. Haka Bahaushe yake kallon hankali: abu ne mai tashi, mai kwanciya. Shi ya sa muke cewa hankalinsa ya tashi, hankalinsa ya kwanta, ya tattara hankalinsa wuri ɗaya. Kuma ba a kwantar da ruwa da motsa shi.

Amma fa kalma ɗaya muka ɗora wa kaya biyu. Akwai nutsuwar gaɓɓai, wadda malamai ke kira ɗuma'anina, wato in ka yi ruku'u ko sujada kowace gaɓa ta zauna daram kafin ka ɗago. Wannan tun a littattafan farko na fiƙihu ake lissafa ta cikin farillan sallah, kuma saboda rashinta ne Annabi (SAW) ya yi ta mayar da wani mutum ya sake sallah har sau 3. Sannan akwai kushu'i, ƙanƙan da kai na zuciya, mutum ya san gaban wa yake tsaye. Ana iya samun ta farko babu ta biyu: jiki ya tsaya cak, zuciya tana can tana lissafin bashi. Samun ta biyu babu ta farko kuwa, da kamar wuya, wai gurguwa da auren nesa.

Abin sha'awa, tushen ɗuma'anina ɗin nan shi ne ya zo a aya ta 28 ta Suratur Ra'adi, inda aka ce da ambaton Allah zukata ke nutsuwa. Masu fassara ba su sami kalmar da ta fi nutsuwa dacewa ba, kuma sun yi daidai. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu cewa "ban samu nutsuwa a masallacin nan ba", kamar wata tabarma ce da aka manta ba a shimfiɗa musu ba. Bahaushe cewa yake yi "ka nutsu". Umarni ne, aiki ne a kanka. Mutum ya shigo sahu waya na zuga a aljihu, ana sallame raka'a biyu ya zaro ta ya leƙa, sannan ya ce laifin ƙira'ar liman ne.

Tambaya: Daidai ne a ce daren Lailatul Ƙadari?

Amsa: Laila dai dare ne, don haka ka ce dare sau biyu. Amma bakin jama'a ya riga ya zauna a kai, ni ma nakan faɗa. Ƙyale shi.

Tambaya: Mene ne bambancin tahajjudi da ƙiyamul laili?

Amsa: Ƙiyamul laili tsayuwar dare ce kowace iri, asham ma tana ciki. Tahajjudi daga hujud yake, wato barci, sigar kalmar kuma tana nuna yakice barcin, kamar yadda ta zo a aya ta 79 ta Suratul Isra'i. Saboda haka da yawa daga malamai suka ce sai wadda aka yi bayan an ɗan runtsa. A Hausar yau ma'anar ta ƙuntata, in an ce tahajjudi sai a fahimci jam'in goman ƙarshe, har wani ya tambaye ni ko ana yinta bayan an sha ruwan sallah. Ana yi, ɗana, shekara zagaye, kai kaɗai a ɗakinka. Kuma don Allah tahajjudi ne, ko tahajjud. Wannan "tahajjut" da kuke rubutawa ban san inda kuka samo ta ba.

Tambaya: Hausawa sun ce dare mahutar bawa. Wannan bai ci karo da raya dare ba?

Amsa: Hajiya, kin yi tambaya mai daɗi. Bawan da ke cikin karin maganar asalinsa bawa ne na gaske, wanda wuni ba nasa ba ne, sai rana ta faɗi yake mallakar kansa. Daga baya aka faɗaɗa ta ga duk wanda ya wuni yana fafutika. Amma kin san mukan ce bawan Allah, baiwar Allah, don haka kalmar ta bar ƙofa a buɗe. Da rana mutum na kowa ne: mai gida na kira, yara na kira, mai bin bashi na sallama. Can tsakar dare, bayan ƙafa ta ɗauke, babu mai nemansa, ko ƙarar zubar ruwan alwala sai ya ji ta daban. Suratul Muzzammil ma a aya ta 6 da ta 7 haka ta kwatanta, tashin dare ya fi haɗa zuciya da harshe, rana kuwa zirga-zirga ce mai tsawo. Kuma an ruwaito Annabi (SAW) yana ce wa Bilal ya tayar da sallah ya hutar da su da ita, da kalmar da tushenta ɗaya da tarawihin da muka faro da ita. To kin ga hutun bai tsaya ga kwanciya ba.

Ita kuwa "raya dare" fassara ce kai tsaye daga ihya'ul laili na Larabawa, ta zauna a Hausa har ba a jin baƙuntarta. Wanda ya kwana hira har kiran assalatu, wannan kwanan zaune ya yi.

Wanda ya aiko tambaya kan "dare rigar mugu" ya yi haƙuri sai mako mai zuwa, wuri ya ƙure.