Hular babanki da ɗankwalinki: amsar Gwaggo

Ɗiyata, na ga saƙonki. Ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mu nan Katsina lafiya lau, sai zafi.

Kin ce a zumuntar ɗalibai da kike zuwa an rabu gida biyu. Wasu sun ce macen da ta shiga sujada ba ɗankwali ta yi zunubi, haka mai wando da mai 'yan kunne, domin haka aka rubuta. Wasu kuma sun ce duk wannan al'adar mutanen dā ce, ba ta hau kanmu ba. Kina so ki sani ko ɗankwalin da muka tashe ku da shi umarnin Littafi Mai Tsarki ne ko al'adar Hausa, kuma wa ke da ikon cewa wannan aya a ɗauke ta a zahirinta, waccan kuwa misali ce. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Duba babanki. Ba ya fita ƙofar gida ba hula, don a ƙasar Katsina dattijo ya shiga taro kai a buɗe abin kunya ne. Amma da ya isa ƙofar majami'a sai ya tuɓe ta ya riƙe a hannu. Wannan ba al'adarmu ba ce, ta ma saɓa mata. Daga 1 Korantiyawa 11 aka ɗauko ta, inda Bulus ya ce kada namiji ya rufe kansa yana addu'a, mace kuwa ta rufe. Kakanninku da suka koyi karatu wajen 'yan mishan na SIM a yankin Malumfashi, da fassarar Hausa ta 1932 a hannunsu, sun karanta surar nan suka bi ta kamar yadda take. Tuɓe hula ya yi wa maza wuya amma suka yi. Ɗankwali kuwa ya zo daidai da abin da gari ke ɗauka kamala ga mace, sai ya zauna ba gardama. Saboda haka amsar tambayarki ta fari ita ce duka biyun ne: aya ce ta kawo shi, al'ada ta riƙe shi. Kada ki yarda a ce miki mu kaɗai muka ƙirƙiro. Dokar cocin Katolika ta 1917 ta wajabta wa mata rufe kai a coci a duniya baki ɗaya, sai a sabuwar dokar 1983 aka daina ambatonsa.

Yanzu ga masu cewa su komai a zahiri suke ɗauka. Ban taɓa ganin irin wannan Kirista ba, kuma na tsufa a cikin Zumuntar Mata. Sau biyar wasiƙun manzanni suka ce a gai da juna da tsattsarkar sumba, huɗu daga Bulus, ɗaya daga Bitrus. Rufe kai kuwa a sura ɗaya tak ya zo. Wane dattijon ikkilisiya ne zai tashi bayan sujada ya sumbaci ɗan'uwansa a ƙofar majami'a a Katsina? Musafaha muke yi, mu tambayi gida da gajiya, mu ce mun cika umarnin, kuma ina ganin mun cika. A Yahaya 13 Ubangiji ya wanke ƙafafun almajiransa, ya ce su ma su yi wa juna haka. Magana ba ta fi wannan fitowa fili ba. 'Yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda aikinsu ya fara a Garkida a 1923, har yau suna kawo ruwa da tawul su wanke wa juna. Katolika suna yi ranar Alhamis ta ƙarshe kafin Ista. Mu a ikkilisiyarmu ta ECWA mun ce tawali'u da hidima ake nufi, muka bar kwano a gida. To idan ɗan'uwan da ke ɗaga muku murya a kan ɗankwali bai taɓa durƙusawa ya wanke ƙafar kowa ba, shi ma zaɓe yake yi, bai dai lura ba.

Maganar wando ma haka. Daga Maimaitawar Shari'a 22:5 suke ɗauko ta, inda aka hana mace sa tufar namiji da namiji sa tufar mace. Ki ce su ci gaba da karatu kada su tsaya. Aya ta 8 ta ce wanda ya gina sabon gida ya ja rawani a kan soronsa kada wani ya faɗo. Aya ta 11 ta hana sa tufar da aka haɗa ulu da lilin. Maginan Katsina na dā sun cika ta 8 ba tare da sun karanta ta ba, amma masu rufin kwano fa? Wa ke duba zaren yadinsa kafin ya kai wa tela? A zamanin Musa tufar yau da kullum doguwar riga ce ga maza da mata, kowa da irin tasa. Abin da ayar ke hanawa shi ne mutum ya yi shigar da za ta ɓad da ko shi namiji ne ko mace.

Ba mu muka fara wannan rarrabewa ba, Littafin ne da kansa ya koya mana. Kakarki idan ta ce miki ruwa ba ya tsami banza, ba ki tashi ki ɗanɗana randa. Idan kuma ta ce jeki ɗebo ruwa, kika zauna kina neman ma'anar ɓoye, kin san abin da zai biyo baya. Baki ɗaya ne ya faɗi duka biyun, kunnenki ne ya san bambanci. Littafi Mai Tsarki ma akwai tarihi a ciki, akwai doka, akwai waƙa, akwai wasiƙa, akwai wahayi, kowanne da kunnen da ake jinsa da shi. Bisharar Yahaya cike take da mutanen da suka ji Yesu da kunnen da bai dace ba. Da Yesu ya ce sai an sake haihuwar mutum, Nikodimu, malami guda, ya tambaya ko tsoho zai sake shiga cikin uwarsa. Da ya yi wa Basamariya maganar ruwan rai, ta ce ba shi da guga, rijiyar kuwa da zurfi. Da ya ce a rushe Haikalin nan zai ta da shi cikin kwana uku, Yahudawa suka ce shekara 46 aka yi ana ginin Haikali, shi kuwa jikinsa yake nufi. A Matiyu 16 ya gargaɗi almajirai a kan yistin Farisiyawa, suka zaci don sun manta gurasa ne, har ya tsauta musu. Bulus ma a Galatiyawa 4 ya ɗauki labarin Saratu da Hajara ya ce misali ne na alkawari biyu, bai kuwa ce matan ba su taɓa rayuwa ba.

Wannan na ƙarshe ki riƙe shi da kyau, don a nan ɗaya ɓangaren ke zamewa. Abu yakan faru da gaske kuma ya zama misali. Wanda ya saba cewa komai misali ne, wata rana zai ce kabarin ma bai zama fanko ba, tashin Almasihu a zuciya ne kawai. Bulus ya toshe wannan hanya a 1 Korantiyawa 15: idan ba a ta da Almasihu ba, wa'azin banza ne, bangaskiyar ma banza ce. Ya lissafa waɗanda suka gan shi, har 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda. Mai ba da misali ba ya kiran shaidu.

Gardamar nan tsohuwa ce, kuma wasu manyan da suka yi ta 'yan nahiyarmu ta Afirka ne. A Iskandariya ta Masar, wani malamin Kirista mai suna Orijin, wanda aka haifa wajen shekarar 185, yana neman ma'ana ta ruhu a ƙarƙashin kusan kowace aya. Malaman Antakiya suka ga abin ya yi yawa, suka nace a fara da abin da marubucin ya nufa da mutanen da ya rubuta wa. Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya ba da ma'aunin da na fi so. Ya ce idan magana a zahirinta kamar tana umartar mugunta ko ɓarna, to misali ce. Idan tana umartar alheri, a bi ta yadda take. Shi ya sa ba ki ga masu ido ɗaya sun cika majami'a ba, ko da yake Matiyu 5:29 ta ce a ƙwaƙule idon da ke sa tuntuɓe. Agustin ɗin nan bai ɗauki kwana shidan Farawa a matsayin irin kwanakinmu ba, ya kuma lura cewa sai a kwana na huɗu aka yi rana. Na san fastoci masu tsoron Allah da ke riƙe da kwana shida cur, na san waɗanda ba su riƙe ba, kuma a teburi ɗaya suke cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da Yesu ya bar wa almajiransa.

Jibin Ubangiji kansa ya raba manya. A 1529 aka haɗa Luta da Zwingli, manyan malaman Furotesta, a garin Marburg na Jamus don su daidaita. Luta ya ɗauki alli ya rubuta a kan tebur, "Wannan jikina ne", ya ce ba zai gusa ba. Zwingli ya ce gurasar alama ce ta tunawa. Suka yarda da juna a kan batutuwa 14, na 15 ya gagara. Har yau Bakatolike a Malumfashi yana gaskata gurasar ta zama jikin Almasihu, maƙwabcinsa ɗan ECWA yana ci don tunawa, kuma sau da yawa uwa ɗaya ta haife su. Idan waɗannan malamai ba su gama ba, ɗan aji biyu a jami'a ya rage zafi.

Ɗaukar zahiri ba bisa hankali ba kuwa yana kisa. A Amurka akwai majami'u masu ɗaukar macizai a sujada saboda Markus 16:18, kuma George Hensley da ya yaɗa abin saran maciji ne ya kashe shi a 1955. A 1991 wani mai kiran kansa annabi ya shiga kejin zakuna a gidan namun daji na Jami'ar Ibadan don ya maimaita labarin Daniyel, suka cinye shi. Daniyel jefa shi aka yi, bai kai kansa ba. Iblis ma da ayar Zabura 91 ya zo ya ce Yesu ya dira daga kan Haikali.

Ga abin da na lura da shi a shekaruna, kuma shi ne na fi so ki ji. Ayar da nauyinta zai faɗa kan wani, da sauri muke cewa haka aka rubuta. Wadda nauyinta zai faɗa kanmu, nan take mu zama malaman tafsiri. Maza ne suka fi zafi a kan ɗankwali, su da ba sa ɗaurawa. Amma karanta musu Luka 6:35, a ba da rance ba tare da sa ran a biya ba, ko Luka 14:13, in za ka yi biki ka gayyato matalauta da guragu da makafi, sai ki ji an ce ai sai an duba yanayin zamanin. Antoni na Masar, wajen shekarar 270, ya ji an karanta a coci cewa sayar da mallakarka ka ba matalauta, ya fita ya rabar da gonakin gadonsa. Ban ce kowa ya yi haka ba, don Zakka mai karɓar haraji rabin dukiyarsa ya bayar, Yesu kuma ya karɓe shi. Amma duk sa'ad da fassarata ta zo daidai da jin daɗina, nakan koma in sake karanta surar daga farko, in tambayi wa ke magana, da wa, a kan me. Masu cewa ɗankwali al'ada ce kawai su ma su yi wa kansu wannan tambaya, ko nazari ne ya kai su can ko sabon kitso.

Batun wa ke da iko, ba mutum ɗaya ba ne a ɗakinsa. Da rikicin kaciya ya tashi, manzanni da dattawa taruwa suka yi a Urushalima, suka saurari juna, suka yanke, kamar yadda Ayyukan Manzanni 15 ta nuna. A can aka hana jini da naman abin da aka maƙure, shi ya sa gidanmu ba a cin mushe, sai yanka, alhali Kiristoci da yawa a Turai suna cin abincin da aka haɗa da jini, suna cewa hanin don zaman tare da Yahudawan lokacin ne.

Ni shawarata, ki ɗaura ɗankwalinki a sujada. Aya tana bayansa, ba ya cutar da ke, kuma a gari irin namu maƙwabta suna auna bangaskiyarmu da abin da suke gani a jikinmu. Amma kada ki ce wadda ba ta ɗaura ba ta fita daga alheri, don ba a nan ceto ya rataya ba. Wando ki bar shi a makaranta in za ki zo gida, saboda kakarki. 'Yan kunne kuwa ki sa abinki. Bulus da Bitrus ƙawa da taƙama da zinariya suka tsawata wa mata a kai, bawan Ibrahim kuwa zoben hanci na zinariya da awarwaro biyu ya ba Rifkatu a bakin rijiya, a Farawa 24.

Ki gai da abokan ɗakinki.

Gwaggonki