Amsa Ga Ɗan Ƙanena a Kan Wankan Jego

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyalinka, saƙonka ya iso gare ni. Ka ce cikin matarka ya shiga wata takwas, kana tambaya ko wankan jego dole ne, tunda akwai na'urar ɗumama ruwa a banɗakinku. Ka ce kun yanke shawarar ba za ta tafi Kano goyon ciki ba, kuma ba kwa son ɗora wa mahaifiyarta wahalar zuwa Legas, domin an ba ka hutun mako biyu a wurin aiki, kun kuma kalli yadda ake yi wa jariri wanka a YouTube. Da na zo kan wannan na ƙarshe sai da na yi murmushi, amma na kwana ina juya maganar a raina, saboda na hango ku biyu kaɗai a saman bene a Surulere, alhali babu wanda ya taɓa riƙe jinjiri ɗan kwana ɗaya a cikinku.

Addini bai wajabta wankan jego ba, wankan da ya wajabta shi ne na tsarki idan jinin biƙi ya ɗauke, wannan kowane malami zai faɗa maka. Sai dai mahaifiyarmu, kakarka, Allah ya jiƙanta, takan ce mai jego kabarinta a buɗe yake har ta yi arba'in. Muna yara mun ɗauka tsoratarwa ce kawai. Sai da na zo haihuwar yayanka na gane abin da take nufi.

A shekarar 1977 ne, shekarar da aka yi bikin FESTAC a nan Legas. Muna zaune a Agege a ɗaki ɗaya cikin gidan haya, maigidana yana harkar goro. Al'ada ita ce mai cikin fari ta koma gaban iyayenta, kuma an shirya in bi jirgin ƙasa zuwa Kano, amma cikin ya zo da laulayi mai tsanani, aka ga ba zan iya zaman jirgi na kusan kwana biyu ba. Kakarka kuma tana jinyar kakanka, ba ta da halin tasowa. Abin da ta iya yi shi ne ta aiko da gero da kanwa da yajin jego da daddawa ta hannun wani fatake, tare da saƙon baka cewa a nemo mini babbar mace ko da ba dangi ba ce, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A bayan gidanmu akwai wata tsohuwa Bakatsiniya da kowa ke kira Inna, tana sayar da koko da ƙosai. Ba mu haɗa komai da ita ba sai gaisuwa. Daren da naƙuda ta tashi ana ruwan sama irin na damunar Legas, ita maigidana ya ruga ya buga wa ƙofa, ita ta riƙe ni a cikin mota har asibiti, kuma da aka sallame mu sai ta naɗo tabarmarta ta shigo ɗakina, maigidan ya koma kwana wurin abokan sana'arsa. Tun kafin kiran assalatu take tashi ta hura wuta a tsakar gida, ta ɗora rabin ganga cike da ruwa. Itace yana da tsada a Agege, ga shi damuna ta jiƙa komai, sai matar mai gidan hayar, wata Bayarabiya da ba ma jin yaren juna sosai, ta riƙa aiko 'ya'yanta da guntayen katako daga wurin masu yankan katako. Inna takan tsoma ganyen darbejiya a ruwan ta riƙa fyaɗa mini a jiki, safe da yamma, ina kuka tana cewa in yi haƙuri ɗanyen jiki ne sai an gasa. Bayan haka ta yi wa jinjiri nasa wankan a kan ƙafafunta, ta miƙe masa gaɓoɓi, ta miƙo mini shi in ba shi nono, sannan ta tsare ni da ƙwaryar kunun kanwa. Ko tsinke ba ta bari na ɗaga ba. Ranar ƙauri ita ta tara matan unguwa suka dafa ƙafafun saniya aka rarraba gida gida, haka kuma ranar suna ita ta tsaya a matsayin uwata.

Bayan ranar suna da 'yan kwanaki sai na fara jin ciwon kai, numfashina yana yin sama idan na kwanta. Ban gaya wa kowa ba, domin a lokacinmu mai ɗan fari kunya ce ke rufe mata baki, ko ɗan nata ba ta ɗauka a gaban mutane, balle ta kira sunansa. Wata safiya Inna tana shafa mini mai sai ta danna ƙafata da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta dube ni, ta tambaye ni yadda nake kwana, na ce a zaune. Ko wankan ranar ba ta yi mini ba. Ta kashe wutar, ta goya jinjirin a bayanta, ta aika a kira maigidana daga kasuwa, muka koma asibiti. Likita ya ce jinina ya hau ƙwarai kuma ruwa ya taru mini a jiki, ya kwantar da ni, ya hana ni kanwa da gishiri. Tsohuwar nan da ta shekara da shekaru tana dama wa masu jego kunun kanwa ba ta yi musu ba ko kaɗan, ta koma yi mini kunun tsamiya, ta rage zafin ruwan, ta ci gaba da kwana a ɗakina har na yi arba'in. Daga baya na sami labarin cewa a cikin waɗannan shekarun na 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi bincike a kan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa a can da shan kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi.

Saboda haka ba zan ce maka duk abin da muka gada daidai ne ba. Kanwa mai yawa ku bar ta. Idan tiyata aka yi mata, kada kowa ya kusanci ɗinkin da ruwan zafi sai da izinin likita. Dakashi da ake matsewa a zubar a zamaninmu shi ne ya fi kowane abu amfani ga jariri, a sa shi a nono tun cikin sa'ar farko, kuma ma'aikatan lafiya yanzu suna cewa nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. Cibiya a shafa mata maganin da asibiti ya bayar kaɗai. Wanzami ya yi askin suna ya tsaya a nan, kada ya taɓa beli. Kafin ku baro asibiti ku tabbatar an yi wa jaririn allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ta ciwon hanta, an ɗiga masa maganin shan inna, kuma idan kuka ga idonsa ko fatarsa sun yi rawaya, shawara ce, asibiti za ku koma a ranar.

Amma ka tambayi kanka wanda zai danna ƙafar matarka da yatsa. Hutunka zai ƙare tana da sauran fiye da mako uku kafin arba'in, ka koma fita da asuba kana dawowa bayan isha'i saboda gosulo, ita kuma tana sama ita kaɗai da jinjirin da bai bar ta ta runtsa ba. Akwai ranar da mai jego take zama ta yi ta kuka ba tare da ta san dalili ba, akwai ranar da nono ke yin tauri ya kawo zazzaɓi, akwai jinin da idan ya wuce kima sai wadda ta haihu ce za ta gane da wuri. Kakarka takan ce da na gaba ake gane zurfin ruwa. Abin da ke damuna da ku yaran yanzu shi ne kun ɗauki neman taimakon manya a matsayin ɗora musu nauyi, alhali uwar da 'yarta ta yi haihuwar fari ba a kira ta ba, baƙin cikin abin ba ya barin ta. Kuma sai ka ga an watsa hoton jariri a WhatsApp tun ba a yi masa huɗuba ba, mutum ɗari sun yi barka ta waya, amma ba wanda ya zo ya wanke wa mai jego zane ɗaya.

Ka kira surukarka da bakinka, cikin ladabi, ka roƙe ta ta zo, ka kuma aika mata kuɗin mota ko na jirgi tun kafin watan ya kama. Idan wani uzuri ya hana ta, daga Agege zuwa Surulere ba nisan da zai gagare ni ba ne. Maganar yadda za a yi wankan da irin zafin da ruwan zai yi kuwa, wannan tsakanina da 'yata ne, ba da kai za a yi ta ba. Ka kawo mini ita ranar Asabar in Allah ya kai mu, ta taho da katinta na awo, ina so in ga abin da suke rubutawa game da jininta.