Kar ka buga katin nan sai ka karanta Larabcin

Ɗana na ga saƙonka kan mai shagon turaren nan na Shara Mansur a nan Makka da ya zana katinsa da takardar kamfani a waya ya turo maka ta WhatsApp, kana tambaya ko ka buga masa dubu ɗayan kawai tunda shi ya yi abinsa. A'a, kar ka taɓa injin tukuna.

Hoton da ya biyo ta WhatsApp an riga an matse shi, a waya ka gan shi fes amma kan takarda dishi-dishi zai fito, ka ce ya turo PDF, hotunan ciki su kai 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. Kuma ka gaya masa tun yanzu shuɗin nan mai ƙyalli da ya burge shi hasken waya ne, RGB, mu kuwa injinmu tawada huɗu yake sha, CMYK, dole kalar ta ɗan kwanta. Ka bar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka.

Amma ni wallahi Larabcin ya fi damuna. Farkon zuwana Makka na buga wa wani bawan Allah kati dubu biyu, ashe da na buɗe aikin a manhajar zane ta CorelDRAW haruffan sun rarrabe ɗai-ɗai sun koma daga hagu zuwa dama, ni kuma ina sauri ban karanta ba, mutumin ya ɗaga kati ɗaya ya kalle ni bai ce komai ba, da hannuna na zuba su a shara kuma daga aljihuna na sake. To ka karanta shi kalma-kalma da bakinka, in ya yi daidai ka mai da rubutun zane yadda ba kwamfutar da za ta sake juya shi. Lambar waya ma in an raba ta gida-gida a cikin layin Larabci gidajen sukan juye, ka danna ta a wayarka yadda take a katin ka ji ko tasa ce za ta yi ƙara. In akwai Hausa ka duba ƙ da ɗ da ɓ, wasu salon rubutun ba su da su, akwati suke fitarwa.

Kati ka sa takarda mai kauri, giram 350, takardar kamfani A4 giram 100 ta isa don a firintarsa zai riƙa sa ta. Lambar sijil, wato rajistar kasuwancinsa, alƙalumanta 10 ne, ta haraji 15, tana farawa da 3 ta ƙare da 3, ƙirga su. In kuma ya ce a haɗa masa da littafin fatura, wato rasit, na rubutun hannu ka tambaye shi ko yana da rajistar haraji, don tun 4 ga Disamba 2021 hukumar harajin Saudiyya, ZATCA, fatura ta kwamfuta take so, mai QR, kar mu ci kuɗinsa kan abin da ba zai amfane shi ba.

Ka buga ɗaya tak ka yanke ka kai masa bayan la'asar, ya karanta a gabanka ya sa hannu a bayansa, ka kawo min in gani kafin mu ɗora sauran.